Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Ministan Lafiya: A Taimaki Mai Gashin Ciwon Kansa Ya Kai Zama na 35

Mai girma Farfesa Muhammad Ali Pate,
Ministan Lafiya da Walwalar Jama'a,



Ranka ya daɗe, ni malamin makaranta ne daga wani gari a Jigawa. Abin da zan faɗa maka a kan benci na koye shi, a ƙofar ɗakin gashi na wani asibitin koyarwa, inda na yi mako bakwai da 'yan kwanaki ina jiran yayana ya fito.

Yaya mai shayi ne. Ya fi shekara ashirin da kafa teburinsa a bakin tasha, da kuɗin shayin nan kuma ya biya mini makaranta. Ciwon ya fara masa da toshewar kunne ɗaya, sai yawan haɓo, sai wani ƙullutu a gefen wuya wanda ba ya zafi. Wata tara muna yawo tsakanin kemis da masu maganin sanyi. Wani wanzami ma har ya so ya yi masa sakiya, Allah ya sa Inna ta hana. Da aka yanki ɗan nama aka kai awo, sai aka ce kansa ce ta bayan hanci, can inda hanci ya haɗu da maƙogwaro, wurin da wuƙar likita ba ta kaiwa cikin sauƙi. Maganinta gashi ne, wato a riƙa haska mata wani haske mai ƙarfi da na'ura, da allurar kemo. Zama 35, Litinin zuwa Juma'a, mako bakwai cur.

Dole in fara da yabon abin da ya cancanci yabo. A watan Yulin 2025 an buɗe sababbin cibiyoyin kansa a asibitocin koyarwa na Katsina da Inugu da Benin, da haɗin gwiwar hukumar zuba jari ta NSIA. Duk wanda ya taɓa ɗaukar majinyaci daga Daura ko Gumel ya nufi Abuja ko Legas da shi saboda na'ura, ya san darajar wannan. Ƙiyasin cibiyar binciken kansa ta duniya da ke Liyon a Faransa ya nuna cewa a 2022 sama da mutum 127,000 ne suka kamu da kansa a Nijeriya, kusan 80,000 suka rasu, kuma wajen rabin masu kansa suna buƙatar gashi a wani mataki na jinyarsu. Na'urorin sun yi kaɗan, a ƙaro su. Amma maganar da ta sa na ɗauki alƙalami ita ce ta mutanen da suka riga suka sami na'urar, suka sayar da gona ko akuya suka biya, aka fara musu, sannan raɗaɗi da yunwa suka kore su gida tun ba a kai ƙarshe ba.

Kafin a fara, an jiƙa wata ragar roba a ruwan ɗumi aka shimfiɗa wa Yaya a fuska har kafaɗa. Da ta huce sai ta sandare da siffar kansa. Kullum da ita ake ɗaure shi a kan gadon na'ura, don kada ya motsa ko da faɗin ƙwayar gero. Kowa ya fita, a rufe ƙofa mai kauri, ya yi kamar minti goma sha biyar shi kaɗai. Hasken ba ya zafi, ba a ma jin shigarsa. Makon farko da na biyu Yaya yana fitowa yana yi wa ma'aikata ba'a, yana cewa in dai wannan ne gashin, ai tukunyar shayinsa ta fi shi zafi.

A mako na uku, wata safiya na haɗa masa shayi a ɗan ɗakin da muka kama haya. Ya kurɓa, ya dube ni ya ce, "Ƙanena, ka manta sukari." Cokali uku na zuba. Na ƙara biyu, ya sake kurɓa, ya ajiye kofin bai ce komai ba. Mutumin da yake gane ganyen shayi da ƙamshi tun daga nesa, ranar nan ɗanɗano ya bar harshensa. Bayan kwana kaɗan bakin ya fara saɓulewa. Dasashi, gefen kunci, harshe, har can cikin maƙogwaro, duk suka yi ja, sannan suka yi fari-fari kamar an watsa musu tafasasshen ruwa. Yawu ya kafe, wanda ya rage ya yi kauri yana yauƙi, sai na sa tsumma mai laushi na janyo masa shi. Fatar wuya ta yi baƙi ta fara ɗayewa. Yaji ya haramta, tsami ya haramta. Koko da kunun tsamiya da fura da nono, abincin da muka saba ba mara lafiya, duk sun zama wuta a bakinsa. Ya kai ga haɗiyar ruwa ma sai ya damƙe hannuna ya runtse ido tukuna.

Ranka ya daɗe, kai likita ne, a Zariya ka yi karatu, ka fi ni sanin dalili. Amma tun da wasiƙar a buɗe take, bari in faɗa saboda masu karatu. Fatar cikin baki tana sabunta kanta da sauri, hasken gashi kuwa abin da ke saurin hayayyafa yake fi kamawa, shi ya sa yake cin kansar yake kuma cin fatar bakin tare. Jimillar hasken gire 70 ne a ma'aunin likitoci, ana raba shi gire 2 kowace rana don naman lafiya ya riƙa samun sararin farfaɗowa. Matsalar ita ce daga wajen mako na huɗu, ƙwayoyin kansar da suka tsira sukan ƙara saurin yaɗuwa. Manomi ya san wannan a wurin aya-aya: ka nome rabin gona da damina ka tafi ka bar ta, in ka dawo sai ka tarar ta fi da. Binciken da aka daɗe ana yi a kan kansar kai da wuya ya nuna duk kwana ɗaya da aka ƙara a kan wa'adin gashi yana rage damar kashe ciwon da wajen kashi ɗaya cikin ɗari ko fiye. A Ingila ƙa'idar likitocin gashi ita ce kada jinkirin irin waɗannan majinyata ya wuce kwana biyu gaba ɗaya. To ga inda abin ya yi muni: lokacin da tsayawa ya fi haɗari shi ne daidai lokacin da baki ya fi ciwo.

A bencin nan akwai wata baiwar Allah, ba za ta wuce shekara arba'in ba, ita a harshe ciwonta yake. 'Yarta budurwa ce ke jinyarta, a barandar asibiti suke kwana a kan tabarma. Kullum yarinyar tana riƙe da katin uwar, tana ƙirga layukan da aka sa wa hannu. Sun kai goma sha tara. Farasitamol take sha, shi ma ba ya haɗiyuwa sai an niƙa. Ranar wata Alhamis na ga uwar tana girgiza kai, ba ta iya magana, hawaye kawai. Litinin ba su zo ba. Wata nas ta ce mini mijin ya aiko a dawo da ita, wai gashin nan kashe ta zai yi, gara ta mutu a ɗakinta. Ban sake jin labarinta ba. Ban ga laifin mijin ba, domin babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce masa wannan ƙunar an san da ita, tana da magani, kuma tana warkewa.

Mu ma saura ƙiris. Daren zama na 22, wajen ƙarfe biyu, Yaya ya tashe ni. Ba ya iya magana sosai, sai ya ɗauki birona ya rubuta a bayan takardar magani da ajami: "A kai ni gida." Kwana uku rabonsa da abin kirki a ciki. Da safe na samu wata matashiyar likita na nuna mata takardar. Ta duba bakinsa da fitila, ta ce akwai fararen ƙurajen da ke fitowa idan baki ya yi rauni, ta rubuta maganinsu. Ta ba da wani ruwa mai kashe zafi na ɗan lokaci da zai kurkura kafin cin abinci. Sannan ta ce, "Baba, zan sa ka a kan mofin."

Gabana ya faɗi. Mu 'yan Arewa mun ga abin da kodin da taramol suka yi wa 'ya'yanmu. Mun tuna rahoton BBC na 2018 da ya sa gwamnati ta hana maganin tari mai kodin. Da na kira gida, babban wanmu ya ce atafau, ba za a mayar da ɗan'uwansa ɗan ƙwaya da tsufansa ba. Wata gwaggonmu kuma ta fashe da kuka, don ita a saninta ba a ba mutum mofin sai an fid da rai da shi. Likitar nan, Allah ya saka mata da alheri, ta karɓi wayar da kanta. Ta ce wanda ke shan ƙwaya maye yake nema, wannan kuwa so yake ya haɗiyi kunu. Za a ba shi daidai awo, a kan lokaci, idan bakin ya warke a riƙa ragewa a hankali har ya daina. Ta gargaɗe mu cewa zai ɗaure masa ciki, ta haɗa da maganin sakin ciki tun ranar farko.

Sai da na yi kwana biyu ina zagaya gari kafin na samu. Ruwa ne a 'yar kwalba, ana ja da sirinji marar allura a ɗiga a baki duk bayan awa huɗu, dare da rana. Na sa ƙararrawa a wayata. Kashegari da yamma, rabin awa bayan ya sha, Yaya ya shanye kofi guda na kunun gyaɗa mai sanyi da na dama da madara da garin waken suya. Yana sha yana hutawa, ya ɗauki kusan minti arba'in. Da ya gama ya miƙo mini kofin ya ce da wata murya ƙasa-ƙasa, "Gobe ƙarfe nawa ne layinmu?" Na fita waje na yi kuka.

Wannan 'yar kwalba ba sabon ilimi ba ce. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin tsani mai hawa uku na kashe raɗaɗin kansa: a fara da irin su farasitamol, in bai yi ba a hau zuwa matsakaici, in bai yi ba a kai ga mofin, a ba da shi ta baki, kuma bisa agogo, kada a jira sai majinyaci ya yi ihu. Wata likita mai suna Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a Nijeriya, ta kafa Hospice Africa a Yuganda a 1993, tana dama garin mofin da ruwa tana zubawa a gorunan ruwan sha, ana sa masa launi don a bambanta mai ƙarfi da marar ƙarfi. A 2004 Yuganda ta ba nas-nas da aka horar na musamman izinin rubuta shi, gwamnati kuma tana ba da shi kyauta. Yuganda ba ta fi mu kuɗi ba. Garin mofin yana cikin magunguna mafiya araha a duniya, kuma mu ma ana haɗa na sha a wasu asibitocinmu na koyarwa.

Roƙona na farko ke nan, kuma shi ne babba. Duk asibitin da ke da na'urar gashi, a wajabta masa ajiye mofin na sha a famasinsa kowace rana ta shekara, kamar yadda ba a yarda na'ura ta zauna babu wuta. A sa kuɗinsa da na maganin kurkure baki da na sakin ciki cikin kuɗin gashin tun farko, kada ɗan jinya ya sake fita neman su da aljihun da ya riga ya ƙare. Na san akwai tsoron kada ya sulale zuwa kasuwa, tsoron kuma yana da tushe. Maganin wannan rajista ne da kabad mai kwaɗo da bincike na gaskiya. Ku zauna da NDLEA da NAFDAC da hukumar masu harhaɗa magunguna a fitar da hanya ɗaya bayyananniya, yadda ma'aikacin famasi zai ba da shi da takardar likita ba tare da fargabar za a zo a kama shi ba. Na ga likitocin da suka san mofin ne maganin, amma hannunsu na rawa wajen rubutawa.

Kuma kada a tsaya a manyan asibitoci. Abin da ba a faɗa wa mutane shi ne ƙunar ba ta tsayawa ranar da aka gama. Mako ɗaya zuwa biyu bayan zama na ƙarshe ita ce take kaiwa maƙura, alhali majinyaci ya koma ƙauyensu, tafiyar awa biyar daga likitansa. Ya kamata a sallame shi da maganin da zai ishe shi, da takarda zuwa babban asibitin jiharsu inda zai iya karɓar ƙari.

Sai maganar ci. Yaya ya shiga gashi da kilo 68, a mako na biyar ya koma 57. Ragar fuskar ta yi masa yawa, kansa yana motsi a ciki, dole aka sake ɗaukar hoto aka sake lissafi, muka rasa kwana biyu. Da an sa masa robar abinci ta hanci da wuri, da ba a kai nan ba. Mu muka ƙi ta da farko, don a wurinmu ganin roba a hancin mutum alamar ajali ce. Da aka sa, sai ga shi da ita muke ɗura masa kunu da madara da romon ƙashi da aka tace, ƙarfinsa ya fara dawowa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kafin zama na ɗaya ya kamata majinyaci ya ga masanin abinci, a auna shi kowane mako, a nuna wa iyalinsa robar su taɓa ta da hannu, a ce musu ta wucin gadi ce. Haka ma likitan haƙori. Haƙorin da ya ruɓe kafin gashi ake cire shi, domin bayan gashi ƙashin muƙamuƙi ba ya saurin warkewa, cire haƙori a lokacin yana iya jawo ruɓewar ƙashi. Mu a bakin wani ɗan jinya muka fara jin wannan.

A bakin 'yan jinya muka ji kusan komai, mai kyau da marar kyau. A nan aka koya mini kurkure baki da ruwan gishiri kaɗan da bekin soda sau da yawa a rana, wanda likita ta tabbatar daidai ne. A nan kuma na ga wanda ya ji an ce soda sai ya jiƙa wa mahaifinsa kanwa, bakin ya ƙara ƙonewa. Na ga mai shafa man zafi a wuyan da ya saɓule. Takarda guda ɗaya da Hausa, boko da ajami, da saƙon murya da za a tura ta WhatsApp, mai bayanin abin da zai faru mako-mako, abin da za a ci, abin da za a guje wa, da lambar da za a kira da dare, da ta hana duk wannan. Kuɗin buga ta bai kai na tayar motar ofis ba.

Lokacin da kake shugabantar hukumar lafiya a matakin farko, ka nemi sarakunan Arewa suka shiga yaƙi da shan inna, mutane suka buɗe ƙofofin da suka daɗe a rufe. Irin wannan aikin ake buƙata a nan. Har yanzu ana cewa ciwon daji ba ya son ƙarfe, ana cewa gashi yana ƙone mutum ya mutu. Akwai kuma masu ganin neman maganin raɗaɗi gazawa ce wajen haƙuri da ƙaddara. Yaya mutum ne mai tawakkali, har ya so ya yi azumin nafila a tsakiyar jinya, sai da limamin masallacin asibitin ya zaunar da shi ya tuna masa cewa ko na farilla Allah ya yi wa mara lafiya rangwame, neman magani kuma ba ya rushe haƙuri. Maganar liman ta minti biyar ta yi abin da na kasa yi a mako guda. A kira malamai da sarakuna a yi musu bayani, su za su kai shi inda likita ba ya kaiwa.

Akwai jinkirin da ba daga majinyaci yake ba. Sau biyu muna zuwa da asuba a ce inji ya tsaya, a dawo jibi. Ga hutun gwamnati, ga matsalar wuta. Likitocin gashi sun san yadda ake rama ranar da ta kuɓuce, ko a yi ranar Asabar, ko a yi sau biyu a rana ɗaya da tazarar awa shida. Amma wannan yana buƙatar a biya ma'aikata kuɗin ƙarin aiki, a kuma rubuta shi ya zama doka. Kada a sake sayen na'ura ba tare da kwangilar gyara ta shekaru da injiniya a kusa ba. In ta tsaya fiye da kwana biyu, asibitin ne ya kamata ya kira wata cibiya ya tura mata lissafin majinyacin, kada a bar ɗan jinya da fayil a hammata yana bin tasha.

Asusun tallafa wa masu kansa da gwamnati ta kafa, da kansar mama da ta bakin mahaifa da ta furostet ta maza ya fara. Ba na ƙyashin kowa, ciwo ciwo ne. Ina roƙo dai ka umarci cibiyar binciken kansa ta ƙasa, NICRAT, da hukumar inshorar lafiya ta ƙasa su buɗe ƙofa sosai ga masu kansar kai da wuya, su kuma lissafa da masauki. Mako bakwai a garin da ba ka da kowa ba ƙaramin abu ba ne. Mu mun iya kama ɗaki don abokan aikina sun yi mini karo-karo. Baiwar Allahn nan da 'yarta a baranda suka yi sanyin hunturu, iska mai ƙura tana shiga bakin da ba shi da yawu. Ɗakuna goma da famfo da murhu kusa da kowace cibiya, ko da masu hannu da shuni aka roƙa suka gina a matsayin waƙafi, za su riƙe mutane da yawa.

Abu na ƙarshe ba ya cin ko kwabo. Ka buƙaci kowace cibiyar gashi ta riƙa aiko maka da lissafi duk wata uku: mutum nawa suka fara, nawa suka gama, cikin kwana nawa, waɗanda suka tsaya kuma me ya tsayar da su, wa ya kira su a waya da ba a gan su ba. A ranar buɗe cibiya ana ƙirga na'ura. Wannan lissafin shi zai nuna maka ko na'urar ta yi aikin da aka saye ta dominsa.

Yaya ya gama zamansa na 35 cikin kwana 54, ya haura wa'adi da kwana biyar ko shida, kuma har yau idan na tuna kwanakin nan sai gabana ya faɗi. Ya daina mofin bayan mako biyar da gamawa, a hankali, kamar yadda likitar ta faɗa, bai kuma taɓa tambayarsa ba. An cire robar hancin. Hoton da aka ɗauka bayan wata uku ya yi kyau, alhamdu lillahi, muna ci gaba da zuwa ana dubawa. Yawunsa bai dawo kamar da ba, ba ya rabuwa da gorar ruwa, ko a sahun sallah tana gefensa. Ya koma teburinsa a bakin tasha. Gishiri ya fara dawowa harshensa, sukari har yanzu da saura, don haka ɗansa na biyu ne yake ɗanɗana masa shayin kafin a zuba wa mutane.

Ranka ya daɗe, idan Allah ya kai ka ɗaya daga cikin cibiyoyin nan, ina roƙonka ka je ranar Litinin da sassafe ba tare da sanarwa ba. Ka zauna a bencin ƙofar ɗakin gashi, ka nemi wanda yake mako na biyar ka tambaye shi abin da ya ci jiya. Daga nan ka taka zuwa famasi ka ce a nuna maka kwalbar mofin.

Allah ya yi maka jagora, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Wassalam,
Ƙanin wani majinyaci,
daga Jihar Jigawa.